Ƙafar Mudi da Yafiyar Baffa

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci ƙashi kuma yake haɗa shi idan ya karye. Ni ɗan kasuwa ne, riɗi da wake nake saye a ƙauyukan Sandamu da Baure ina kaiwa Kano. Ban gaji wannan sana'a ba, da tiya na fara har na kai ga buhu, shi ya sa ba na yarda da abu sai na taɓa shi da hannuna. Abin da zan ba da labari a nan na taɓa shi, na shaƙi warinsa, na kwana a kan tabarma a gefensa wata da watanni. Ina rubuta shi ne saboda yaran garuruwanmu da yawa sun shiga aikin layin dogo, kuma kuskuren da muka yi a gidanmu kowane gida zai iya yin sa.

Mudi ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Da aikin dogo ya iso ƙasarmu ya samu shiga a hannun wani ƙaramin ɗan kwangila, suna jera tubalan kankaren nan da ake shimfiɗa ƙarfen jirgi a kansu. Na taɓa zuwa na ga aikin sau ɗaya. Mota mai ƙugiya ce take ɗauko tubalin a sama yana lilo, leburori biyu su tare shi da hannu su daidaita masa wuri. Tubali ɗaya ƙarti huɗu ba sa ɗaga shi, amma a bakin ƙugiyar sai ka ce damin kara. Mai tuƙa motar Sabi'u ne, ɗan unguwarmu, tare suka yi makarantar allo da Mudi.

Ranar wata Talata a tsakiyar bazara, ina kasuwa ina awo, aka kira ni. Tubali ya suɓuce daga ƙugiya ya sauka a kan ƙafar Mudi ta hagu, ƙasa da gwiwa. Da na isa asibiti a Daura na tarar an wanke an naɗe. Nas ta ɗaga auduga ta nuna mini. Ƙashin ya huda fata ya leƙo waje, fari tas. Ban taɓa sanin cewa ƙashin mai rai haka yake da haske ba. Mudi yana kwance idonsa a buɗe, gumi yana zuba, abin da ya fara tambayata shi ne ko an sanar da Indo, matarsa, a hankali, don tana da tsohon ciki.

Washegari mutanen ɗan kwangila suka zo dubiya, helman aikin da wani akawu. Suka kawo lemo da madara da kuɗi a ambulan. A ɗakin akwai Baffa Ilu, ƙanin mahaifinmu, wanda tun rasuwar Baba shi ne babba a gidan. Helma ya fara bayanin yadda abin ya faru, ya ambaci sunan Sabi'u. Baffa bai bar shi ya ƙarasa ba.

"Malam, kada ka wahalar da bakinka. Abin da Allah ya rubuta ne. Mu mun yafe, duniya da lahira. Ba mu da ƙara, ba mu da magana."

Helma ya dube ni. Na gyaɗa kai. Mudi a lokacin an yi masa allura yana barci. Suka yi godiya suka tashi, akawun ya rufe littafin da ya buɗe bai rubuta komai ba.

Sai na bayyana dalilin Baffa, don kada wani ya ɗauke shi mutumin da bai san ciwon ɗansa ba. Shekaru da yawa da suka wuce, san noman Baffa ya soki yayan Sabi'u a ciki, yaron ya daɗe yana jinya. Mahaifin Sabi'u ya zo har ƙofar gida ya ce ya yafe, ko kuɗin magani bai karɓa ba. Baffa ya riƙe wannan a ransa. Kuma a wurinmu, kowa ya sani, idan tsautsayi ya faɗa tsakanin mutanen da suka san juna, babban gida yakan yi saurin furta yafiya tun kafin wani ya tambaya. Gidan da ya tsaya neman wani abu sai a ce ya sayar da jinin ɗansa. Ni kaina, da nake taƙama da iya ciniki, ban ga abin gyara a maganar ba.

Mako na farko. Abin da ke cikin ambulan ya ƙare a kwana uku, a hoto da allurai da ruwan da ake ƙara masa. Likita ya ce sai an kai shi Kano an yi aiki. 'Yan'uwa suka taru a gindin darbejiyar asibiti. Goggo ta ce akwai mai ɗori a wajen Baure wanda ya gaji abin kaka da kakanni, ta lissafo mutum uku da ya tayar. Wani ya ce asibitin Kano da ka shiga da karaya sai su kama zarto. Ni kuma na yi abin da na saba, na auna tsada da araha. Wannan laifina ne, ba na Baffa ba, ba na Goggo ba. Na sa hannu a takardar cewa mu muka ɗauke shi da kanmu.

Ba zan zagi mai ɗorin ba. Dattijo ne mai tsabta, kuma da ya ga raunin ya ce shi ya fi sabawa da karayar da fata ba ta fashe ba. Mu muka matsa masa. Ya ja ƙafar, ya jera karare, ya ɗaure. Indo ta tare a can da cikinta, tana yi masa fifita, tana dama masa kunu, tana kwashe abin da ya kamata a kwashe ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Kwana biyar Mudi yana cewa da sauƙi. A na shida zazzaɓi ya rufe shi. A na bakwai ina shiga zauren na ji wari. Na san warin buhun da ruwa ya shiga, na san na fatar da ba a shanya da kyau ba. Wannan ya fi su. Yatsun ƙafar sun kumbura sun yi duhu, ƙuda na bin ɗaurin. Mai ɗorin da kansa ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, wannan ta fi hannuna. Ku tafi yau."

Mako na biyu. Muka ɗauki shatar mota zuwa babban asibitin ƙashi a Kano. Layin yankar kati kaɗai ya ci mana safiya, Mudi yana kwance a bayan mota yana rawar ɗari cikin wannan zafin. Ka biya nan, a tura ka can, ka dawo a ce wanda zai buga hatimi ya fita. Na yi fushi, na yi magana mai zafi ga wani akawu, daga baya na koma na ba shi haƙuri. Amma da muka kai gaban likitan, wani siririn mutum mai furfura a gemu, sai duk wannan ya fita daga raina. Ya kwance ɗaurin da hannunsa, bai toshe hanci ba, bai yi mana faɗa ba. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ƙashi zai iya jiranmu. Naman nan ne ba zai jira ba." Har yau ina jin maganar a kunnena.

Ya ce hanya biyu ce. Ko a yanke daga ƙasan gwiwa, aiki ɗaya, a sallame mu cikin ɗan lokaci. Ko kuma a yi ta shiga tiyata ana yanke ruɓaɓɓen nama, a kafa ƙarafa daga waje su riƙe ƙashin, daga baya a ɗebo fata daga cinya a rufe. Wata shida ko fiye, kuma bai yi alkawarin za a ci nasara ba. Da aka rubuta mini abin da hanya ta biyu za ta ci, na ga ko na sayar da duk riɗin da na ajiye da babur ɗina, rabin hanya za mu kai mu tsaya. Tsayawa a rabin hanya kuma yana nufin a yanke bayan an sha wahala.

Mudi ya ce, "Yaya, a yanke kawai. Kada ka karya jarinka."

Na ce ya yi mini shiru.

A gadon da ke kusa da nasa akwai wani tsoho da aka yi wa aiki a ƙugu, ana kiransa Baba Reluwe, don ya yi shekarunsa duka a aikin jirgin ƙasa kafin ya yi ritaya. Mutum ne mai surutu da tsokana, nas-nas duk sun san shi. Yana jin mu, sai ya ɗago kai.

"Kai mai riɗi, a wurin aiki yaron nan ya ji ciwo ko a gonar ubanka?"

Na ce a wurin aiki.

"To me ya kawo jarinka ciki? Kun rubuta musu?"

Na ce ai mun yafe.

Ya yi dariya har sai da ɗinkinsa ya motsa ya kama gefen gado. "Wa ya yafe? Mai ƙafar?"

Na ce Baffanmu.

"Ƙafar Baffan ce ta karye?"

A nan ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Ya ce doka ta tanadi cewa duk ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki yana da haƙƙin magani da diyya, lebura ne ko injiniya. Akwai asusun gwamnati da masu ɗaukar ma'aikata suke zuba kuɗi a ciki saboda irin wannan rana. Amma sai an sanar da mai aikin a rubuce, kuma a yi shi cikin mako biyu, shi kuma ya kai rahoto gaba. Na ƙirga a yatsa. Muna rana ta goma sha biyu.

Mudi ya juya fuska bango. "Ni ba zan sa a ɗaure Sabi'u ba. Yana da 'ya'ya huɗu. Gara ƙafar."

Baba Reluwe ya daina dariya. Ya ce, "Yaro, saurara. Wannan ba ƙara ba ce. Ba a tambayar laifin wane ne. Ko kai ka yi sakaci, ko shi, ko igiya ce ta tsufa, abin da suke so su sani ɗaya ne: a bakin aiki abin ya faru? Ba daga aljihun abokinka za a cire ba. Ka yafe masa sau dubu in kana so, wannan tsakaninku ne. Amma kuɗin nan tun ranar da ka fara aiki aka ajiye shi da sunan ƙafarka."

Na yi shekara ashirin ina ciniki, ban taɓa jin an ajiye wa talaka wani abu tun kafin ya nema ba. Ban yarda nan take ba. Na fita na nemi ofishin da ya kwatanta mini, wata mata a can ta maimaita mini kusan abin da ya faɗa, ta ba ni takardar cikewa, ta ce lallai a samu rahoton wurin aiki da wanda ya gani da ido. Da yamma na kama hanyar Daura.

Baffa na samu a ƙofar gida yana gyaran igiyar shanu. Na durƙusa na yi masa bayani. Bai ɗago ba.

"Isuhu, ni na furta magana a gaban mutane. Kana so in zama dattijon da ke lashe abin da ya tofar?"

Na ce, "Baffa, ba a ce ka janye ba. Yafiyarka ga Sabi'u tana nan."

"Mutane ba za su rarrabe ba. Za a ce gidan Ilu sun ci kuɗin jini."

Na roƙe shi mu je wurin limamin unguwa, duk abin da ya ce in bi. Liman ya saurare mu duka biyu. Ya ce diyyar rauni ba abin kunya ba ce, shari'a ta san ta, kuma haƙƙi na wanda aka ji wa ciwo ne, ba wanda zai yafe a madadinsa alhali yana da rai da hankali. Da muka fito Baffa ya ce, "Ku yi abin da za ku yi. Amma ni ƙafata ba za ta taka wurin ba, kuma kada sunan yaron nan Sabi'u ya shiga takarda."

Rana ta goma sha uku na isa sansanin aikin da wasiƙar da Mudi ya dangwala wa hannu. Helma ya karɓa ya juya ta gaba da baya. Ba mugu ba ne, amma ya ga wahala na tunkaro shi. Ya ce ba a rubuta komai ba a ranar, tunda iyali sun ce babu magana, kuma yanzu in zai rubuta sai da mai shaida, leburan da ke wurin kuwa an mayar da su wani yanki. Na san irin wannan magana, ita ce ta mai saye da ba ya son kaya amma ba ya son ya ce ba ya so. Ina cikin lissafin ta inda zan ɓullo masa, sai na ji murya a bayana.

"Ni na gani."

Sabi'u ne. Tun ranar da abin ya faru ban sa shi a ido ba. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Daga baya na ji cewa sau biyu yana zuwa Baure ya tsaya a bayan katangar mai ɗori ya kasa shiga.

Helma ya ce, "Kai Sabi'u, ka san abin da kake yi? Sunanka zai hau takardar da za ta je har sama."

"Na sani. Rubuta. Ni nake kan motar. Na ɗaga kafin su gama ɗaurewa, na ɗauka an ba ni hannu."

Na ja shi gefe. Na gaya masa gaskiya, cewa an ce mini ba za a kama kowa ba, amma ni ban da tabbacin aikinsa zai tsira, kuma Baffa ya hana a sa sunansa. Ya ce, "Yaya Isuhu, in an kore ni ina da ƙafa biyu da zan nemi wani aikin da su." Ya koma ya karɓi biro.

Ni sana'ata ta koya mini cewa kowa yana da farashinsa, kuma ba kasafai nake kuskure ba. Ranar nan na tsaya a rana ina kallon mutum yana rubuta sunansa a ƙarƙashin abin da zai iya raba shi da abincin 'ya'yansa, ba wanda ya tilasta shi, an ma riga an yafe masa. Ban san inda zan ajiye wannan a cikin abin da na sani game da mutane ba.

Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya zo da sauƙi. Kuɗin asusu ba ya sauri. Na sayar da riɗina tun kafin ya yi tsada don a fara aiki a mako na uku. Sau huɗu Mudi yana shiga tiyata. An nemi jini, abokan aikinsa shida suka zo a motar haya, har da wani mai walda ɗan kudu da ko Hausa ba ya ji sosai. An dakatar da Sabi'u wata guda ba albashi, sannan aka mayar da shi. Ɗan kwangila, da ya ga takarda ta hau sama, ya fara biyan kuɗin magani a mako na shida. Na yi zuwa ofishin nan har mai gadi ya san ni, yau a ce hoton bai fito ba, gobe a ce sa hannun likita ya kauce layi. Sai a wata na biyar aka amince, aka mayar mini da mafi yawan abin da na kashe, aka kuma yanka wa Mudi wani abu saboda raunin da zai zauna da shi.

Amma abin da na fi so in faɗa shi ne abin da na gani a ƙafar. An huda ƙashin da ƙarafa, an haɗa su da wani dogon ƙarfe a waje, kamar tsani. Kullum da safe sai an wanke bakin kowane ƙarfe. Indo ta haihu a mako na bakwai, don haka ni na koyi wankin, ni da ban taɓa wanke ko kwanon da na ci abinci ba. Ramin da ke ƙaurinsa a farko hannuna zai shiga. Ina kallo, mako bayan mako, wani jan nama mai ƙwayoyi ya riƙa tasowa daga ƙasa yana cike shi, ba wanda ya zuba, ba wanda ya dasa. Fatar da aka ɗebo daga cinya, siririya kamar ɓawon albasa, ta kama ta zauna. A wata na huɗu likita ya ɗaga hoto a jikin fitila ya nuna mini wani farin hayaƙi tsakanin bakin ƙashi biyu. Ya ce sabon ƙashi ne. Na ce wane magani ne ya yi wannan? Ya ce, "Mu dai mun riƙe masa ne kawai. Shi yake abinsa." Na fita waje na zauna a kan dakali na daɗe.

Ga mai ɗa ko ƙane a wannan aiki, abin da zan ce kaɗan ne. Karayar da ta fasa fata ta asibiti ce, ranar da ta faru. A rubuta abin da ya faru tun da wuri, a ajiye kowace takarda ko ta ƙwayar magani ɗaya ce. Kuma babba ya riƙe bakinsa har mai ciwo ya farka. Baba Reluwe an sallame shi kafin mu, ban karɓi lambarsa ba, ban ma san sunansa na yanka ba. Allah ya saka masa, shi da likitan nan da nas-nas ɗin da na yi wa tsawa suka haƙura da ni.

An cire ƙarafan bayan an gama girbi. Ƙafar ta gajarta da kamar yatsa biyu, ba zai koma jera tubali ba, yanzu shi ke zama mini a rumfa. Ranar Juma'ar farko da ya ajiye sanda ɗaya ya rage ɗaya, bayan an sauko daga masallaci, ya ce zai je gidan su Sabi'u. Na tayar da babur. Ya ce a'a. Tsakanin gidajen bai fi a kira mutum ya ji ba, amma mun yi kusan rabin awa, yana tafe yana hutawa a jikin katanga, ina biye ina tura babur kamar wawa. Baffa, wanda tun ranar liman bai sake tayar da maganar ba, ya taso daga tabarmarsa ya biyo mu a baya, hannuwansa a goye.

Sabi'u ya fito daga zaure yana goge hannu, ya gan mu ya tsaya cik.

Mudi ya ce, "Ranar da aka yafe maka ina barci. Shi ne na ce bari in zo da kaina." Ya numfasa, ya gyara tsayuwa a kan ƙafar. "Na yafe, Sabi'u."

Sabi'u ya durƙusa ya ɗage bakin wandon Mudi, ya daɗe yana kallon tabon, sannan ya sa tafin hannu ya taɓa a hankali.

Baffa ya yi gyaran murya daga baya ya ce, "To, ku ba shi kujera mana. Da ƙafa ya zo."